Motar Mai Shari'a

"Ba a nan ake ɗaure ta ba," in ji Baba Direba, ya kama sarƙar da hannu biyu. "Kwance ta. In ka ja daga nan, bamba za ka tafi da ita ka bar mini mota."

Mai janwe, motar jan motocin da suka lalace, ya ɗago daga inda yake durƙushe, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Tun ƙarfe takwas yake cikin garejin gidan, yanzu tara ta gota, motar ko taku ɗaya ba ta yi ba.

"Baba, shekarata goma sha biyar ina jan motoci."

"Akwala ka yi shekara goma sha biyar kana ja. Kwanta ka leƙa ta hagu, akwai ƙugiya, don wannan aikin aka yi ta."

Mutumin ya kwanta yana ƙunƙuni, ya sami ƙugiyar a inda aka ce masa. Ya hau janwe ya ja. Sarƙa ta miƙe, motar ta yi wani irin nishi, tayoyin baya suka goge siminti suka bar baƙin layi biyu, amma ba su juya ba.

"Birki ya kama," ya ce da ya sauko. "Sai guduma."

"Guduma a jikin wa?"

"To ka ɗauke ta a ka."

Baba Direba ya juya baya don kada ya gani. Kowane bugu sai ya ji shi a haƙoransa.

Motar ta marigayi Mai Shari'a ce. Doguwa ce, baƙa, mai kujerun fata da katako mai sheƙi a gaban sitiyari, irin wadda in ta tsaya a ƙofar ofis masu gadi ke gyara tsayuwa tun ba su ga wanda ke ciki ba. Shekara ashirin da huɗu Baba Direba ya yi yana tuƙa maigidansa a cikinta, daga gida zuwa kotu, daga kotu zuwa gida, bai taɓa bari ko keke ya goge ta ba. Da Mai Shari'a ya rasu, 'ya'yan suka watse inda aiki ya kai su, aka rufe gida, aka bar shi yana dubawa. Ba wanda ya ce ya tuƙa motar, shi kuma bai ga yadda zai fita da ita titi ba kowa a kujerar baya ba. Sai ya yi mata abin da ya iya. Kullum safiya ya tayar da injin minti goma, ya sa tiyo ya wanke ta daga rufi har taya, ya goge, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ja ƙofar gareji. Shekara goma sha ɗaya ke nan, zazzaɓi ne kawai ya taɓa hana shi, shi ma kwana biyu.

Yanzu an sayar da gidan. Wanda ya saya rushewa zai yi, ya ce a kwashe komai kafin ƙarshen mako. Autan Mai Shari'a ya ce motar ta zama tarkace, a kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, ya yanka ta kowa ya huta. Yayarsa, wadda kowa ke kira Likita, ita ce ta tsaya. Ta ce a kai wa bakanike ya duba. In ya ce za ta hau titi, ita za ta riƙe ta ta gyara. In ya ce a'a, ƙarfe huɗu mutumin Auta ya zo ya ɗauka. A kan haka suka rabu a waya, Baba Direba yana tsaye yana ji.

"Da ƙafarta za ta je," ya ce wa Likita a ranar. Da safen nan ya sa giya, karo na farko tun bayan rasuwar, inji ya yi ruri, mota ta tsaya kamar an dasa ta. Haka ya fita ya nemo janwe, bai gaya wa kowa ba.

A bugu na shida wani abu ya yi ƙas, tayar ta saki.

Tafiyar da ba ta wuce ta minti ashirin ba sai da ta cinye sa'a ɗaya da rabi. Mai janwe ya ɗage gaban motar, ta biyo su a baya hancinta a sama. Baba Direba yana zaune a gaba amma wuyansa yana baya. A bakin kasuwa suka faɗa cunkoso. Wani mai babur ya dafa but ɗinta don ya daidaita, ya bar shatin yatsu biyar a kan fenti. Baba Direba ya leƙo ta taga.

"Kai, ɗauke hannunka. Ta ubanka ce?"

"Yi haƙuri, Baba. Gawa ce, ai ba ta ji."

Mai janwe ya yi dariya har yana dukan sitiyari.

Garejin da za su yana bayan 'yan katako, wani fili ne da aka rufe rabinsa da langa-langa, ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta yi laushi. Mai wurin tsoho ne, gajere, mai ƙaton ciki. Sarkin Rami kowa ke ce masa, don rabin rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya yi ta. Shi kaɗai ya rage a garin da ke gane irin waɗannan motoci. Kanikawan yanzu sai sun jona kwamfuta kafin su san abin da ke damun mota, wannan kuwa ba ta da inda za a jona mata komai. Sun san juna da Baba Direba fiye da shekara talatin, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba su yi wa juna tsiya ba.

"A'a, direban mota a tsaye," in ji Sarkin Rami, yana goge hannu da tsumma. "Yau an fito da 'yar lelen? Na ɗauka sai an binne ku tare."

"Bar surutu ka zo ka yi abin da aka kawo maka. Zuwa ƙarfe huɗu nake da shi."

Ya faɗa masa yadda aka yi tsakanin Likita da Auta. Sarkin Rami ya saurara yana zagaya motar, hannuwansa a baya. Ya sa aka buɗe bonet. Ya zaro sandar gwajin mai ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsu biyu.

"Tayar da ita."

Murɗa ɗaya ta kama. Sarkin Rami ya ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan injin, ya manna kunnensa a mariƙin, ya lumshe ido. Ya matsa gaba ya sake. Ya daɗe a haka.

"Wa ke canja mata mai?"

"Ni. Duk wata shida, ko ta yi tafiya ko ba ta yi ba."

"Hm." Ya miƙe yana dafa ƙugu. "Ba na son yabonka, kanka saurin kumbura gare shi. Amma rabon da in ji inji irin wannan yana numfashi haka, tun ina da gashi."

Baba Direba ya gyara zaman hularsa. Ji ya yi kamar ya kira Auta a take ya kara masa wayar a bakin salansa.

"To sai ka gaya wa Likita lafiya lau."

"Inji na ji, ban ga ƙasa ba. A tura ta kan rami."

Mai walda da ke aiki a gefe ya ajiye abin da yake yi, shi da mai janwe suka kama aka tura. Sarkin Rami ya sauka da tocila da 'yar guduma. Baba Direba ya tsaya a sama yana sauraro. Da farko ƙarar tana fita tas, ƙarfe a kan ƙarfe. Da aka zo daidai ƙofar direba sai ta koma buf, buf, kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali. Daga nan shiru.

"Direba."

Wannan karon ba a ƙara masa "a tsaye" ba, kuma ya lura.

"Sauko."

"Gwiwoyina ba sa shiri da matakalar nan."

"Su yi haƙuri."

Ya sauka da baya da baya. Ramin yana warin tsohon mai da fitsarin kyanwa. Sarkin Rami ya haska dogon ƙarfen da ya bi ƙarƙashin ƙofofi, daga tayar gaba zuwa ta baya. A ido baƙi ne, sumul. Ya ɗora sukundireba ya danna da yatsa biyu kawai. Ta shige har mariƙi. Da ya zare, jan gari ya zubo musu a kafaɗa.

"Wuri ɗaya ne," in ji Baba Direba.

Sarkin Rami ya kai hasken tocila gaba. Ya matsa taku ɗaya ya danna, ta shige. Ya koma ɗaya gefen, haka. Ya je ƙarƙashin kujerar baya, inda ƙafar motar ke kama jikinta, nan ko dannawa bai yi ba, da farce ya ɓamɓaro ƙarfen kamar ɓawon burodi.

"Motar da ko yayyafi bai taɓa ba shekara goma sha ɗaya," Baba Direba ya ce, muryarsa ta fara tashi. "A ɗaki take, a rufe. Daga ina tsatsa za ta zo?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan."

Hasken tocilar ya tsaya a kan wani farin ɗigo kamar maɓalli a gindin ƙarfen. Gaba kaɗan ga wani, ga wani. A jere suke, an shafe su daidai da ƙarfe, aikin mutum mai haƙuri. Sarkin Rami ya sa bakin sukundireba ya ƙwaƙule ɗaya. Jan ruwa mai wari ya tsiyayo, ya bi hannunsa har gwiwar hannu, bai daina zuba ba.

"Mene ne wannan?"

"Kyandir ne."

"Kyandir."

"Kyankyasai suka dame ta a shekarar farko. Na buɗe ƙofa wata safiya na ga biyu a kan kujerar Mai Shari'a. Na kwanta na bi ta da fitila, na tarar da huji a ƙarƙashin ƙofofi da nan duka, ta nan suke shiga. Na narka kyandir na toshe. Duk shekara ina sabuntawa. Tun daga nan ko tururuwa ba ta shiga ba."

Sarkin Rami ya kashe tocilar, ya sake kunnawa, ya dubi abokinsa.

"In ka sa tiyo a gilashi, ina ruwan yake zuwa?"

"Ya gangara ƙasa mana."

"Rabi. Sauran ta bakin roba yake bi ya shiga cikin ƙofa. Kowace mota haka take. Shi ya sa aka huda mata ƙasa, ya shiga ya fita. Kai ka toshe mafita, ka tsaya kullum safiya kana ɗura mata, sannan ka lulluɓe ta da tamfol don kada iska ta taimaka. Ba mota kake ajiye da ita ba, Direba, tanki ne."

Baba Direba ya haye matakalar bai tuna da gwiwa ba. Ya tafi har bakin ƙofar fili, ya dawo, ya tsaya a kan ramin.

"Wane irin mutum ne zai ƙera mota mai tsada haka ya bar ta da huji bai faɗa wa kowa ba?"

"Wataƙila an rubuta a littafinta."

"Littafin yana aljihun gaba cikin ledarsa, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba." Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ƙara hasala. "Kai kuma fa? Shekara talatin ina zuwa wurin nan, ka taɓa gaya mini?"

"Shekara goma sha ɗaya ka taɓa kawo ta? Kai kake zuwa, ka shanye mini shayi, ka ba ni labarinta kamar 'yar da ke karatu a nesa."

Baba Direba ya juya wurin mai walda. Ya ce a yanke abin da ya ruɓe a sa sabon ƙarfe, ai ya ga ana yi. Mai walda ya sauka ramin, bai yi minti biyu ba ya hawo yana kaɗe wuyan riga.

"Baba, walda sai da abin kamawa. In na kunna wuta a nan, hujin zai riƙa gudu ina bin sa har bamba."

Ƙarfe biyu ta same su zaune a kan wata tsohuwar kujerar bas da aka jingina da bango. Mai janwe ya tafi. Ruwan kuwa yana ta ɗiga a cikin rami, ɗis, ɗis, don Sarkin Rami ya ƙwaƙule sauran kyandir ɗin kafin ya fito. Mutum in ya tsufa a kan aiki ɗaya, a ce masa malalaci bai kai zafin a nuna masa cewa ƙwazonsa ne ya yi ɓarna ba. Baba Direba ya fara lissafa safiyoyin nan a zuci, ya ga ba su da iyaka, ya bari. Ya rage murya.

"Fila fa, irin ta masu gyaran jikin mota? A cike, a goge, a fesa baƙi. Ka ce mata za ta gyaru. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, injin ai ka ji shi."

"Zan iya. Kwana huɗu, ko kai ba za ka gane ba. Za ta yi wata uku, wataƙila shida. Ranar da ta faɗa rami da gudu, ƙafar baya za ta rabu da ita, kujera ta sauka a kan kwalta." Ya kurɓi ruwa daga gora. "Wa zai zauna a bayan?"

Baba Direba ya san wa. Likita tana da tagwaye mata, shekararsu bakwai, kuma ta riga ta gaya musu za a riƙa kai su makaranta a motar kakansu, yadda aka kai ta. Ya cire hula ya dubi cikinta, ya mayar.

"Taso in nuna maka wani abu," in ji Sarkin Rami.

A ƙarshen filin, bayan tulin tsofaffin tayoyi, akwai wata mota da aka ɗora a kan duwatsu. Baba Direba ya san ta, kuma duk zuwansa yana kauce wa kallonta. Irinsu ɗaya da ta Mai Shari'a, ƙirar shekara ɗaya. Wani mai buga bulo ne ya saye ta a hannu na uku, ya cire kujerar baya, ya riƙa loda mata siminti buhu goma goma. Fentinta ya ƙone ya koma toka-toka, ƙofa ɗaya shuɗiya ce, an ɗaure but da waya. Mai bai taɓa canja mata a kan lokaci ba, har injin ya buga shekara biyu da suka wuce, aka jawo ta nan aka manta. Ranar da Baba Direba ya fara ganin ta da siminti, a gidan mai, ya je ya gaya wa mutumin a gaban jama'a cewa irinsa amalanke ya kamata a sayar wa. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba.

Sarkin Rami ya durƙusa, ya ɗaga guduma ya maka wa ƙarfen ƙarƙashin ƙofa iya ƙarfinsa. Ƙarar ta tashi kamar an buga ƙararrawa, har mai walda ya waiwayo. Ya koma baya ya sake, ƙara ɗaya.

"Ka ji? Tun da ya saye ta soso bai taɓa jikinta ba. Ruwan sama ya shiga ya fita, rana ta busar. Ƙazanta ce a sama, ƙasa kuwa kamar jiya aka ƙera. Ita ba ta da inji, taka ba ta da jiki. A sauke injinka da giya da kujeru da katakon nan a zuba a wannan, a buge inda ya lotsa, a yi fenti. Nan da wata huɗu ka tuƙa yaran."

"Injin Mai Shari'a a motar siminti."

"Inji bai san kotu ba."

"Gara a yanka ta."

"To ai huɗu ta kusa."

Baba Direba ya bar shi a nan, ya yi ta zagaye filin kamar wanda ya yar da wani abu.

Uku da kwata mai gwangwan ya iso da tsohuwar motar ɗaukar kaya, tukwanen gas biyu suna gwara kai a baya. Siriri ne, mai fara'a. Ya gaishe da kowa da ladabi, ya zagaya motar sau ɗaya. Bai dubi fatar kujeru ba, bai dubi katako ba. Kafaɗa ya sa ya tura ta kaɗan don ya ji nauyinta, ya yi murmushi.

"Ba a ba ka ba tukuna," in ji Baba Direba.

"Ina jira, Baba. Mu ai jira ne rabin aikinmu."

Likita ta zo uku da rabi, da farar rigar asibiti a jikinta da waya a kunne. Ta gama maganar tana tafe, ta russuna ta gaishe da Baba Direba.

"Baba, ina wuni? Ka ci abinci kuwa?" Ba ta jira amsa ba ta juya. "Sarki, yaya ake ciki?"

"Ranki ya daɗe, inji lafiya lau. Jiki ne ya tafi. Tsatsa ta cinye ƙasan, ba ta ɗaukar mutum."

"Motar da ke ɗaki? Me ya jawo?"

Sarkin Rami ya saci kallon abokinsa, ya mai da ido kan tsumman hannunsa.

"Tsufa. Ƙarfe ma yana da kwanansa."

"Ba tsufa ba ne," in ji Baba Direba. "Ni ne. Akwai hanyar da ruwa ke fita a ƙasan ƙofofi, na toshe da kyandir saboda kyankyasai, na yi ta wanke ta kullum, ruwan yana..."

Wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga masa yatsa ɗaya, ta juya gefe. "A ba shi rabin allurar, a sake aunawa. Ina zuwa." Ta kashe, ta dawo da fuskarta gare shi.

"Haba Baba, kyandir kuma? Kada ka ɗora wa kanka. Ba don kai ba da ko wannan ba mu tarar ba. Kowa ya san yadda ka riƙe ta."

Da zagin sa ta yi da ya fi masa sauƙi. Maganar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa ya ɗauko ya miƙa mata, ta ce ya ajiye.

Ta buɗe ƙofar baya ta shiga, ta ja ƙofar. Ta cikin gilashi suna ganin ta, tafukanta biyu a kan fatar kujera, ba ta motsi. Ko mai gwangwan sai da ya kawar da kai. Da ta fito idonta ya yi ja, amma muryarta daidai take. Sarkin Rami ya faɗa mata ɗaya hanyar, ya kai ta bayan tulin tayoyi. Suna isa wata kaza ta yi tsalle ta fito ta tagar shuɗiyar ƙofar. Likita ta yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ta juyo.

"Baba, ni ban san mota ba, kai ka san ta. In an yi yadda ya ce, motar Abba ce?"

Kalma ɗaya take jira, kuma duk abin da ya faɗa za ta yarda. Ya dubi ƙofar shuɗiya da wayar da ke ɗaure da but.

"A'a. Ba ita ba ce."

Ta gyaɗa kai, ta dubi agogo. "To shi ke nan. Bari in kira Auta."

Mai gwangwan ya miƙe yana kaɗe wando. Ya je ya ɗaga bonet ya leƙa, ya ɗan buga kan injin da bayan yatsa. Baba Direba ya bi shi.

"Injin fa, wa za ka sayar wa?"

"Wa zai saya, Baba? Irinta nawa suka rage a gari? Fasa shi za mu yi, alminiyon gefe, ƙarfe gefe. Mutum biyu da guduma, kafin a tashi aiki an gama."

Baba Direba ya tsaya a kan injin. Ba ɗigon mai ko ɗaya a jikinsa. Ya san kowace waya da inda ta nufa, ya san wane fulogi ne ke son a lallaɓa shi. Shekara talatin da biyar bai taɓa murɗa makulli ya ba shi kunya ba. A duk motar wannan ne kaɗai hannunsa bai ɓata ba.

"Likita, dakata da wayar nan."

Ta sauke ta daga kunne.

"Na ce ba ita ba ce, kuma ba ita ba ce. Amma injin bai yi wa kowa laifi ba. A ba bawan Allahn nan gangar jikin. Sauran a sauke."

"Ka tabbata, Baba?"

"Ban tabbata ba. A sauke."

Mai gwangwan ya fara mita, wai an kira shi cin nama an miƙo masa ƙashi. Likita ta ce ya yi magana da Auta, ita ma za ta yi. Wayarta ta sake ƙara, ta yi musu sallama da hannu, ta tafi da sauri tana amsawa.

"Saura abu ɗaya," in ji Sarkin Rami, yana sosa ƙeya. "Ɗazu da kake auna mini fili da ƙafa na kira mai bulo. Sau uku ana neman motar nan yana hanawa, ba don yana so ba, taurin kai kawai. Ya ce wannan karon zai bayar. Amma ya ce mutumin da ya yi masa zancen amalanke, shi zai nema da bakinsa."

Ya miƙo wayar, fuskarta a tsage, duk baƙin mai. Ya riga ya danna, tana shiga.

Baba Direba ya karɓa da yatsa biyu, ya juya musu baya. Aka ɗauka. Ta can yana jin injin bulo yana dukan ƙasa.

"Wa ke magana?"

"Direban marigayi Mai Shari'a ne."

Mai bulo ya ce, "Ina jin ka."

"Motarka ce na gani a nan wurin Sarkin Rami." Ya gyara riƙon wayar. "Mun duba ƙasanta. Gaskiya, Alhaji, ta sami riƙo."

"Ban ji ba," in ji mai bulo. "Inji yana ƙara a nan. Ɗaga murya ka sake faɗa."